Injin fulawar da ya koma sansanin yaƙi a Stalingrad

A birnin Volgograd na ƙasar Rasha, dab da gaɓar kogin Volga, akwai wani kangon jan bulo mai hawa biyar. Ba shi da rufi, ba tagogi, jikinsa duk hujin harsashi ne da na igwa. Da gangan aka bar shi haka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Gidan niƙa alkama ne, ana kiransa injin Gerhardt, wasu kuma su ce injin Grudinin. A 1942 gidajen da ke kewaye da shi kusan duk sun koma tarin ɓaraguzai, shi kuwa ya tsaya, sojojin Tarayyar Sobiyet suka riƙe shi har aka gama gwabzawa. Galibi idan ana ba da labarinsa jarumtar sojojin ake ambata, kuma sun cancanta. Amma dalilin da ya sa ginin kansa bai zube ba yana cikin sana'ar niƙa, kuma duk mai injin niƙa a Sabon Gari ko Tudun Wada zai fahimce shi da sauri fiye da wanda ya karanta tarihin yaƙi kawai.

Lokacin da aka gina shi sunan garin Tsaritsyn. A 1925 aka mayar da shi Stalingrad, a 1961 ya koma Volgograd. Gari ne da kogi da layin dogo suka haɗu, ga filayen alkama a bayansa, don haka hatsi na shigowa da sauƙi, gari na fita da sauƙi. Mai injin, Alexander Gerhardt, ɗan kasuwa ne daga zuriyar Jamusawan da suka zauna a yankin Volga tun zamanin Sarauniya Catherine, a shekarun 1760. Injin ya fara aiki a farkon shekarun 1900. A 1907 gobara ta cinye shi. A 1908 aka sake tayar da shi, amma wannan karon da ƙashin kankare mai rodi a ciki, ginshiƙai da dakali duka, sannan aka lulluɓe da bangon bulo mai kauri. Yana da tukunyar tururi da dogon bututun hayaƙi da janaretansa na kansa, ba ya jiran wutar gari. Bayan juyin juya halin 1917 gwamnati ta karɓe shi, daga baya aka sa masa sunan Konstantin Grudinin, wani jami'in jam'iyyar Kwaminis da aka kashe a 1922. Har yau sunan Gerhardt na nan jikin bangon, da bulo aka rubuta shi. Wato jikan Jamusawa ne ya gina katangar da sojan Jamus ya kasa ƙetarewa.

Me ya sa gidan niƙa zai yi hawa biyar? Injin da muka saba da shi a unguwa aiki ɗaya yake yi: a zuba hatsi ta sama, fayafayai biyu su murƙushe shi, ya fito ta ƙasa da dusa da komai, a kai gida a tankaɗe. Farar fulawa ba ta samuwa haka. Ƙwayar alkama kashi uku ce. Farin da ke ciki ya kai kashi 83 cikin 100, ɓawon da ke zama dusa kamar 14 da ɗoriya, sai ɗan idon tsiro mai maiƙo, 2 zuwa 3. Aikin babban injin shi ne ya buɗe ƙwayar, ya kankare farin daga jikin ɓawon ba tare da ya farfasa ɓawon ya zama gari ba. Da zarar dusa ta niƙu ta yi laushi, babu rariyar da za ta raba ta da fulawa.

Ana farawa da tsaftacewa: rariya mai girgiza ta cire kara da dunƙulen ƙasa, iska ta kwashe ƙaiƙayi, maganaɗisu ya kama ƙusa da guntun waya, wani injin ya ware tsakuwa. Daga nan sai jiƙo, kuma a nan ake gane gwani. Busasshiyar alkama takan zo da danshi kamar kashi 12 cikin 100, ana so a kai ta wajen 16. Lissafin mai sauƙi ne: tan ɗaya yana shan ruwa kusan lita 48. Sai a bar ta a rumbu ta kwana, awa 12 zuwa 24 idan mai tauri ce, mai taushi ba ta kai haka ba. Dabarar surfe ce dai da matan Zazzau ke yi, inda ake yayyafa wa masara ko dawa ruwa kafin a sa ta a turmi don dusar ta saɓule a dunƙule. Idan ruwan ya yi kaɗan, ɓawon ya yi ƙaras-ƙaras, ya farfashe, fulawa ta fito da ɗigo-ɗigon ja. Idan ya yi yawa, gari ya manne a rariya ya toshe ta, farin ya tafi a jikin dusa, wanda aka samu kuma ba ya jimawa a buhu sai ya yi fumfuna.

Bayan jiƙo sai rola. Ƙarafa biyu ne masu kama da gangar famfo, kaurin kowanne kamar santimita 25, suna juyawa suna fuskantar juna. Na farkon suna da zane a jiki, kuma ɗaya ya fi ɗaya gudu kamar sau biyu da rabi. Wannan bambancin gudun shi ke sa su tsaga ƙwayar maimakon su latse ta. Abin da ya fito a ɗauke shi zuwa akwatin tankaɗe, wanda ke da rariya hawa-hawa yana ta lilo. Akwatin ya raba shi: manyan ɓawo su koma rola ta gaba, tsaki ya tafi wurin da iska ke hure masa sauran dusa, ɗan garin da ya samu ya wuce. Ana maimaita fasawar nan sau huɗu ko biyar, ana ƙara matse tsakanin ƙarafan kowane zagaye. Shi kuma tsakin sai ya bi ta wasu rola masu santsi, sau takwas, goma, har fiye, kowane karo a sake tankaɗewa. Idan aka matse rolar da yawa don a yi sauri, ƙarfen ya ɗauki zafi, garin ya lanƙwame ya zama fale-fale ya ƙi bin rariya, burodinsa kuma ba ya tashi yadda ake so.

Ka ga ke nan kayan niƙa na hawa da sauka sau da yawa kafin su shiga buhu. A injinan wancan zamani bel ne mai jerin kofuna ke kai su sama, sannan nauyinsu ya sauko da su ta bututu daga wannan inji zuwa wancan. Tsawon ginin shi ke maye gurbin leburori. Kowane bene kuma yana ɗauke da ƙarafa masu nauyin tan-tan, ga akwatunan tankaɗe da ba sa daina girgiza dare da rana, ga doguwar sandar ƙarfe da injin tururi ke juyawa tana jan bel-bel. Ginin da zai jure wannan na shekaru dole a yi shi da ƙarfin da ya ninka na gidan kwana.

Sai maganar wuta, wadda ita ce babbar abokiyar gabar masu niƙa. Gari a buhu da ƙyar yake kamawa. Amma idan ya tashi a iska, kowace ƙwayar ƙura tana kewaye da iskar da za ta ci da ita, tartsatsi ɗaya ya isa. Idan ƙurar fulawa ta kai kimanin giram 50 zuwa 60 a kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi, a rufaffen wuri, tana iya fashewa. Ƙurar da ta kwanta a ƙasa da kaurin milimita ɗaya kacal, in ta tashi ta cika ɗaki mai tsayin mita biyar daga ƙasa zuwa rufi, ta wuce wannan ma'auni. Shi ya sa fashewar kan zo biyu: ƙarama ta fara a cikin wani inji, ta girgiza ginin, ƙurar da ta taru a kan ginshiƙai da saman bututu ta tashi, sannan babbar ta biyo baya. A ranar 2 ga Mayu 1878 haka ta faru a injin Washburn na Minneapolis a Amurka, mutum 18 suka mutu. Shekaru shida kafin nan, a 1872, irin wannan ta kashe mutum 18 a injin Tradeston da ke Glasgow. Tartsatsin kan fito daga abubuwan da kowane bakanike ya sani: boris da ya bushe ya ɗauki zafi, bel mai zamewa a kan fuli, ƙusa da ta tsallake maganaɗisu ta shiga tsakanin ƙarafa, ko fitila mai harshen wuta. Shagon niƙa na unguwa da ke buɗe ta ko'ina bai cika fuskantar fashewa ba, ƙurarsa huhun mai aiki take ci. Masu haɗa abincin kaji a rufaffun sito a kewayen Zariya su ne ya kamata maganar nan ta dama, musamman ranar da aka kira mai walda ya yi gyara ba a share wurin ba.

Mutumin da gobara ta riga ta cinye wa inji sau ɗaya ba zai sake sa katako a inda kankare zai shiga ba. Abin da Gerhardt ya yi ke nan a 1908, kuma shi ne ya yi aiki bayan shekara 34.

A ranar 23 ga Agusta 1942 jiragen Jamus suka yi wa Stalingrad ruwan bama-bamai, gari ya kama da wuta. Injin bai tsaya ba, ya ci gaba da niƙa har 14 ga Satumba, ranar da bam ya faɗa masa, gobara ta tashi, aiki ya ƙare. A wannan rana sojojin Jamus sun kutsa tsakiyar birnin, sun kusa kai wa mashigar jiragen ruwa. Rundunar Janar Vasily Chuikov ta 62 na gab da yankewa daga kogin, wanda ta nan kaɗai abinci da harsashi da sababbin sojoji ke zuwa. Daren 14 wayewar 15 ga wata, runduna ta 13 ta Janar Alexander Rodimtsev, mutum wajen 10,000, ta fara ƙetaro Volga cikin jiragen ruwa ana yi mata luguden wuta. Waɗanda suka fara sauka sun yi faɗan gaba da gaba a wurin injin har suka kore Jamusawan da suka riga su isa. Daga nan ya zama matattarar sojojin da ke ƙarƙashin Kanar Ivan Yelin.

A gidan da bango ke ɗauke da bene, idan harsashin igwa ya ɓula bangon ƙasa, duk abin da ke sama sai ya rufto. A ginin da ke da ƙashin kankare kuwa, ginshiƙai ne ke ɗauke da nauyi, bulo sutura ce kawai. Kana iya huda bangon sau ɗari, benen na nan. Rufin ya tafi, abin da zai ƙone ya ƙone tun ranar farko, saura kankare da bulo da wuta ba ta da abin ci a jikinsu. Dakalin benayen da aka zuba don ɗaukar rola ya zama laima hawa-hawa a kan waɗanda ke ƙasa. Daga benen sama ana hangen dandalin da ke gaba da titunan da Jamusawa za su biyo, ana kuma faɗa wa masu igwa da ke ɗaya gaɓar inda za su jefa. Bayan ginin kuwa gangaren kogi ne, inda ake shigo da kaya a fitar da masu rauni cikin dare. Kusancin ruwa da aka nema don tukunyar tururi da jigilar hatsi, shi ya zama hanyar rayuwarsu.

Gaba kaɗan da injin akwai wani gidan kwana mai hawa huɗu da Saje Yakov Pavlov da 'yan mutanensa suka kama a ƙarshen Satumba, Laftanar Ivan Afanasyev ya zo da ƙarin sojoji ya karɓi jagoranci. Kwana 58 suka riƙe shi. Gidan Pavlov ya fi injin suna a duniya, amma da wuya ya yi wannan daɗewar ba don ramin da aka haƙa ya haɗa shi da injin ba, ta inda ruwa da abinci da harsashi ke isa gare su. A kudancin birnin ma, wani katafaren rumbun hatsi na kankare ya tsayar da Jamusawa kwanaki a watan Satumba, da 'yan gomman sojoji a ciki, hatsin na ci da wuta, hayaƙi na shaƙe su. A ranar 19 ga Nuwamba Sobiyet suka kai farmakin da ya kewaye rundunar Jamus ta 6. Kwamandanta Friedrich Paulus ya miƙa wuya a 31 ga Janairu 1943, ragowar suka bi a 2 ga Fabrairu. Daga baya aka gina gidan tarihin yaƙin a gefen kangon.

A ganina, duk da wannan suna da ya yi, aikin da injin ya yi kafin 14 ga Satumba bai gaza wanda ya yi bayanta ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rabon sojan Sobiyet na fagen daga giram 800 ne na burodi a rana lokacin zafi, 900 lokacin sanyi. Runduna guda irin ta Rodimtsev tana bukatar tan 8 na burodi kowace rana, wato fulawa kusan tan 6, tunda kilo 100 na gari kan ba da burodi kilo 130 zuwa 140. Hatsi a rumbu ba abinci ba ne sai an niƙa. Alkama busasshiya, mai danshi ƙasa da kashi 13, tana shekara da shekaru a ajiye, amma gari watanni kawai yake yi. Saboda haka ba a iya niƙe na shekara uku a jibge. Dole injin ya kasance kusa da masu ci, yana aiki kullum, abin da ya sa maƙiyi ke nemansa.

Akwai kuma wani yaƙin da ake yi a cikin injin ba da bindiga ba, shi ne yawan garin da za a tatsa daga buhu. A zaman lafiya kilo 100 na alkama kan ba da farar fulawa kilo 70 zuwa 75, sauran ya tafi abincin dabbobi. Ingila, wadda yawancin alkamarta ta teku take zuwa, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus na nutsar da jiragen dakon kaya, ta tilasta wa masu niƙa su kai 85 a 1942, aka daina farin burodi. Duba abin da wannan ke nufi: garin da a da sai an niƙa kilo 100 ake samunsa, yanzu kilo 82 zuwa 88 ya isa. Cikin kowane jirgi shida zuwa takwas na alkama an huta da kusan ɗaya. A wajen mai injin, gyaran bai wuce matse rolar ƙarshe, canza rariya zuwa mai manyan ido, da mayar da garin da a da ake turawa dusa ba. Amma akwai kuɗin da ake biya. Burodin ya yi duhu da nauyi, mutane suka yi ta ƙorafi. Maiƙon idon tsiro na sa garin saurin canza wari. Dusa na ɗauke da wani sinadari da ke hana jiki shan sinadarin ƙashi, har sai da hukuma ta sa a riƙa zuba alli a fulawa. Dabbobi kuma suka rasa abincinsu, wanda duk mai kiwon kaji ya san inda wannan ke kaiwa: ranar da dusa ta yi tsada, ƙwai ma ya yi. A Leningrad da aka yi wa ƙawanya abin ya wuce nan. Daga 20 ga Nuwamba 1941 rabon ma'aikaci giram 250 ne, na sauran jama'a 125, kuma burodin cakuɗe yake da dusa, da tunkuzar angurya, har da garin da aka sarrafa daga itace.

A waɗancan shekarun Zariya ba ta nesa da yaƙin kamar yadda taswira ke nunawa. Difon soja da aka kafa a 1924 na horar da kurata, 'yan Arewa sun yi yaƙi a Gabashin Afirka da Bama, Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 na kawo labarin fagen daga. Sai dai cikin mutanen gari bai dogara da wani babban inji ba. Gero da dawa ake ci, turmi da dutsen niƙa na kowane gida, babu gini ɗaya da za a jefa wa bam a hana birni tuwo.

Yau lissafin ya canza rabi da rabi. Burodi, taliya, indomi, fanke, cincin, duk fulawa ce, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga waje take zuwa. Manyan injinan suna bin tashar jiragen ruwa, kamar yadda na Gerhardt ya bi kogi: na Apapa ya fara aiki a 1962, akwai na Fatakwal da Kalaba, na Kano ya zo a shekarun 1970. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka koma kan noman rani a wurare irin Kadawa, amma alkama tana son sanyin hunturu, shukar da ta wuce farkon Disamba zafin Maris ke riskarta tana zuba ido, abin da aka girbe bai kusa ciyar da injinan ba, aka ɗage haramcin a 1992. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya toshe tashoshin Bahar Aswad, farashin buhun fulawa ya tashi a kasuwar Sabon Gari ba tare da an harba ko harsashi ɗaya a kusa ba.

Ɓangaren masara da dawa da gero kuwa har yanzu a warwatse yake cikin ɗaruruwan ƙananan injina, daga cikin birni zuwa Samaru, kuma hatsinsu daga Giwa da Soba da Makarfi yake zuwa, ba daga teku ba. Rauninsu na wani wajen ne: dizal, wutar lantarki, da fayafayai da bel da boris, waɗanda da yawansu shigo da su ake yi. Faifan da ya cinye aka ƙi wasa shi ko canza shi yana jan mai fiye da kima, yana ƙona gari, kuma idan aka matse shi don ya yi laushi, ƙarfen da ke goguwa cikin garin yake tafiya.